Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan majalisun jihohin Arewa, kafin ku ƙara wa dokar gwajin aure haƙora

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa, ya aiki ya jama'a. Ni dai ba kowa ba ne, ko kansila ban taɓa tsayawa ba, malamin bayoloji ne a wata sakandare, ni AS ne, wato ina ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ni da ciwon, ƙanwata kuma da muke uwa ɗaya uba ɗaya 'yar sikila ce. Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda kar wani ya karanta layi biyu ya ce ai wannan irin mutanen nan ne masu cewa gwajin jini makircin Turawa ne. A'a wallahi. Na san abin da ake nufi idan aka ce ciwon ya tashi. Na san ƙarfe biyun dare cikin hunturu, yarinya ta naɗe kamar tabarma tana cewa Yaya ƙashina ake sarawa, ka fita neman mai adaidaita babu, ka samu da ƙyar ku je asibiti a ce jininta ya yi ƙasa a nemo leda biyu, kai ɗan uwanta kana tsaye ka miƙa hannu a ce ba naka ake so ba tunda kai AS ne, na mai AA za a nemo. Na ga mahaifiyarmu ta sayar da 'yan kunnenta a kan wannan. Don haka lokacin da gwamnan Kano ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a watan Mayun 2024 ina cikin waɗanda suka ce Alhamdulillahi, kuma har gobe ina nan a kan cewa a yi gwajin.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shi ne maganganun da nake ji tun daga lokacin, a shirye-shiryen rediyo na kiran waya da Facebook da majalisar unguwa, kuma na san irin waɗannan maganganun su ne suke zama ƙudiri a zaurenku idan suka yi ƙarfi. Wani ya ce dokar ba ta da haƙora, kamata ya yi a haramta auren AS da AS kwata-kwata a ɗaure limamin da ya ɗaura. Wani ya ce 'yan sikila su ma a hana su aure baki ɗaya. Wani kuma, mai karatu fa, da turancinsa da komai, ya rubuta cewa idan aka dage nan da shekara ashirin za mu tsarkake jininmu mu kawar da wannan irin. Kalmar iri ɗin nan ita ta tsaya min a wuya, domin ƙanwata ake nufi, kuma domin na taɓa karanta inda aka fara magana da wannan harshen da inda aka ƙare.

Ranku ya daɗe, abin yana da suna, yujeniks, mu ce aƙidar tace irin ɗan Adam. Wani Bature ɗan Ingila Francis Galton, ɗan uwan Charles Darwin, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1883 daga Girkanci, ma'anarta kyakkyawar haihuwa. Tunaninsa mai sauƙi ne, irin wanda duk makiyayi zai gane, tunda ana zaɓar bijimi mai kyau a bar shi ya yi barbara a fiɗiye sauran, me zai hana a yi wa mutane haka. Ya ɗauka basira da ɗabi'a da arziki da talauci duk a jini suke, hujjarsa kuwa ya duba manyan alƙalai da malaman Ingila ya ga 'ya'yansu ma manya ne, bai tsaya ya tambayi kansa ba ko makaranta da gado da hanya ne suka kai su. Wannan mutumin ya yi yawo a ƙasar da yanzu ake kira Namibiya, kuma a 1873 ya rubuta wa jaridar The Times wasiƙa yana ba da shawarar a kawo 'yan China su cika gabashin Afirka su maye gurbin baƙar fata, wai mu ba za mu iya riƙe wayewa ba. To kun ji uban tafiyar da irin kallon da yake mana.

Abin da nake so ku lura da shi, ba mahaukata ko 'yan daba ne suka ɗauki aƙidar nan ba. Likitoci ne da farfesoshi da alƙalai da masu taimakon marayu da 'yan majalisa irinku, mutanen da suke ganin alheri suke yi. Babban taronsu na duniya na farko a Landan aka yi a 1912, ɗan Darwin ɗin ne ma shugaban taro, sunan Winston Churchill na cikin mataimaka. A Amurka kuwa ta ƙofar aure aka fara shiga, jihar Connecticut ta yi doka tun 1895 da ta hana masu farfaɗiya da waɗanda aka kira masu raunin hankali yin aure. Shekara 12 bayan nan, a 1907, jihar Indiana ta ce hana aure bai isa ba tunda ana haihuwa ko ba aure, sai ta yi dokar farko ta yi wa mutum aikin hana haihuwa dole. Jihohi sama da 30 suka bi sahu. A 1910 aka buɗe wani ofishi a Cold Spring Harbor ta jihar New York da kuɗin attajirai, Charles Davenport da Harry Laughlin ke jan ragamarsa, aikinsu tura ma'aikata gida gida suna zana bishiyar dangi suna rubuta wannan mashayi ne, wannan malalaciya ce, wannan dolo ne, har gasa ake yi a kasuwar baje kolin amfanin gona a Kansas, a auna shanu a can a auna iyalai a nan a ba da lambar yabo ga masu kyan iri.

Bari in tsaya a kan yarinya ɗaya, don lissafin dubbai ba ya shiga zuciya. Sunanta Carrie Buck, 'yar jihar Virginia, 'yar talakawa. An kai mahaifiyarta gidan da gwamnati ke tsare masu farfaɗiya da raunin hankali, ita kuma wasu suka ɗauke ta riƙo tana musu aikin gida. Tana da shekara 17 wani ɗan uwan masu riƙon ya yi mata fyaɗe ta samu ciki, to maimakon a kama shi, don a rufa wa gida asiri sai aka ce ai ita ce ba ta da hankali, aka kai ta inda uwarta take. Shugabannin gidan suna neman wanda za su gwada sabuwar dokar jihar a kansa har kotun ƙoli don ta samu gindin zama, sai ga Carrie, uwa a tsare, 'ya a tsare, ga jaririya. Wata ma'aikaciya ta kalli jaririyar nan 'yar wata bakwai ta ce kamar dai ba daidai take ba, shi ke nan an samu hujja. Lauyan da aka ba Carrie ya kare ta kuwa abokin masu gidan ne, tsohon ɗan hukumar gudanarwarsu, kun ga an ba kura ajiyar nama. A 1927 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 8 suka yarda 1 ya ƙi, mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya rubuta cewa zuriya uku ta dolaye ta isa haka. Aka ɗaure mata mahaifa a shekarar.

Jaririyar nan Vivian ta shiga makaranta, har sunanta ya fito a jerin ɗalibai masu ƙoƙari, kafin ta rasu tana da shekara 8. Carrie ta rayu har 1983, waɗanda suka same ta da tsufanta sun tarar da mace mai karanta jarida kullum, lafiyarta ƙalau. Ƙanwarta Doris ita ma an yi mata aikin, aka ce mata afendiks za a cire, ta yi aure ta shekara da shekaru tana neman haihuwa ita da mijinta, sai da ta tsufa ta san abin da aka yi mata. Sai a 2002 gwamnan Virginia ya nemi afuwa.

Akwai wani layi a hukuncin nan da ya kamata duk ɗan majalisa ya sani. Holmes ya ce hujjar da ta halatta wa gwamnati tilasta allurar rigakafi ita ma ta isa ta halatta yanke hanyar mahaifa. Wato doka mai kyau, wadda ta ceci rayuka, ita aka taka aka hau zuwa ga mummuna. Ku da kuke rubuta doka yau, ba ku ne za ku fassara ta nan da shekara talatin ba.

Mutum sama da 60,000 aka yi wa haka a Amurka, California kaɗai kusan 20,000. Jamus ta Hitler ta kwafa, a watan Yulin 1933 ta yi tata dokar, kusan mutum 400,000 aka hana haihuwa, a 1935 aka ƙara da dokar lafiyar aure mai neman takardar shaida cewa ka cancanci aure, a 1939 kuma aka wuce zuwa kisan naƙasassu da masu taɓin hankali a asibitoci, sama da 70,000 cikin shekara biyu da iskar gas, kuma ma'aikatan da suka ƙware a nan su aka tura sansanonin da aka hallaka Yahudawa. A 1936 jami'ar Heidelberg ta ba Laughlin digirin girmamawa don godiya. Shi Laughlin ɗin kuwa, ikon Allah, farfaɗiya gare shi, da an bi samfurin dokar hana haihuwa da ya tsara da shi ma wuƙar ta hau kansa. Mu ma baƙar fata ba a bar mu a baya ba, Eugen Fischer da ya zama babban masanin irin ɗan Adam na Jamus a Namibiya ya fara aune-aunensa a 1908, kuma a 1937 an tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka na rundunar Faransa suka haifa da matan Jamus aka yi musu aikin a ɓoye. A Kenya ma a shekarun 1930 likitocin Turawa sun yi ta auna ƙwaƙwalwar gawarwakin 'yan ƙasa don su nuna wai ilmi mai zurfi ba namu ba ne.

Mutane suna ɗauka da Hitler ya mutu abin ya mutu. Ina. Sweden, ƙasar da ake misali da ita wajen tausayin talaka, ta yi wa kusan mutum 63,000 tsakanin 1934 da 1976. Japan a 1948 ma ta yi sabuwar doka, ba a soke ta ba sai 1996, kuma sai a 2024 kotun ƙolinsu ta ce ta saɓa wa tsarin mulki. A North Carolina hukumar ta yi aiki har 1974, wajen mutum 7,600, kuma a shekarun ƙarshe yawanci mata baƙaƙe ne matalauta. A Alabama a 1973 an yi wa wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya, mai shekara 12 da mai 14, uwarsu ba ta iya karatu ba aka ba ta takarda ta zana alamar X tana zaton allurar tazara ce. Ku duba duk jerin nan ku nemo min ɗan attajiri ko 'yar minista. Ko a gidan manya akwai farfaɗiya da taɓin hankali ai, amma kullum a kan 'yar aiki da marainiya da wanda ba ya iya karanta abin da ya sa wa hannu abin yake ƙarewa.

Yanzu za ku ce to malam, duk wannan me ya haɗa shi da sikila, mu ai ba wanda ya ce a yanka kowa. To ga mahaɗar. Linus Pauling, masanin da ya gano a 1949 cewa matsalar sikila daga sinadarin da ke cikin jan jini take, mutum mai kyautar Nobel har biyu, ɗaya ma ta zaman lafiya ce, shi da kansa ya rubuta a 1968 cewa kamata ya yi a yi wa duk matashi mai ɗauke da ƙwayar sikila zane a goshi, don idan biyu suka haɗu su gane juna tun kafin soyayya ta shiga. Da ni da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya kenan, da shaida a goshi kamar shanun kasuwa. Kuma da kyakkyawar niyya ya faɗa. A farkon shekarun 1970 jihohin Amurka fiye da goma suka yi dokar gwajin sikila na dole, wasu kafin aure wasu kafin shiga makaranta, kuma kusan baƙaƙe kaɗai ake nufi. Ba a tanadi masu zama su yi wa mutane bayani ba, ba a tanadi sirri ba, wasu dokokin ma sun kasa bambance AS da SS, wato mai ciwon kansa. Me ya biyo baya? Kamfanonin inshora suka ƙara wa masu AS kuɗi, wasu kamfanonin jiragen sama suka sauke ma'aikatansu, makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta ƙi ɗaukar masu AS har 1981, mutanen da lafiyarsu ƙalau. Dole gwamnatin tarayyarsu ta sa sharaɗi a dokar 1972 cewa duk shirin da ke son kuɗinta sai gwajin ya zama na ganin dama. Wannan kam ba labarin wata cuta ba ce can, tamu ce, kuma da gwaji aka fara kamar yadda muka fara.

Kuma kar mu yi kamar mu waliyyai ne, ƙasarmu a jiƙe take, irin nan in ya faɗo zai tsiro. Wa bai san binciken asali kafin aure ba, a je a tambayo ko a gidansu akwai kuturta, ko akwai hauka, ko farfaɗiya, ko su bayi ne, ko mahauta ko maƙera ko wanzamai. Kuturta ma da ba gadonta ake ba, ƙwayar cuta ce kuma tana warkewa da magani, amma har yau akwai gidajen da jikokinsu ke shan wahalar samun aure a kanta. Yanzu ga sabon abin tambaya mun samu mai hatimin asibiti. Ƙanwata ta taɓa samun manemi, AA ne, an gwada an tabbatar, wanda duk ɗalibina na aji uku zai zana maka a allo ya nuna maka cewa SS da AA ba za su haifi ɗan sikila ko ɗaya ba, duk AS za su haifa. Amma gwaggonsa ta ce su ba za a shigo musu da wannan jinin cikin zuri'a ba, magana ta mutu bayan an kawo kuɗin gaisuwa. Ta nemi aiki a wani wuri, ta ci jarrabawa ta ci intabiyu, aka ce a kawo takardar asibiti, daga nan ba ta sake jin ɗuriyarsu ba. Ba doka ce ta sa su ba, to ina ga an samu doka ta tsaya musu.

Sannan maganar kawar da iri ɗin nan ko a lissafi ba ta tsaya ba. Akwatin nan mai gida huɗu da muke koya wa yara, AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, sunan wanda ya ƙirƙiro shi Reginald Punnett. Shi ɗin ne a 1917 ya zauna da wani masanin lissafi Hardy suka auna, suka ga idan cuta irin mai ɓuya ce a jikin masu lafiya, hana masu ita haihuwa zai ɗauki dubban shekaru kafin a ga wani ragi na kirki, saboda yawancin ƙwayar tana jikin mutanen da ba su da ciwon komai. Haka sikila take. Ko yau ka hana duk wani SS na Najeriya aure, ƙwayar tana nan jikin miliyoyin AS irina, da wasunku ma da ke zaune a zauren nan, ku gwada ku gani. Kuma ba don jininmu ya ƙazantu take da yawa a nan ba, tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ta yawaita duk inda sauro ya yi yawa. Garkuwa ce kakanninmu suka bar mana, mai tsada dai.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce shi yaron da za a haifa ya sha wannan azabar wa ya tambaye shi? Ana ƙiyasin jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya, da yawansu ba sa kai shekara biyar. Wannan gaskiya ne kuma ni ba zan ba wa kowane AS shawarar ya auri AS ba. Ni kaina na bar wadda nake so a kan haka, mun yi shekara biyu, sakamako ya fito, muka zauna a zauren gidansu ta yi kuka na yi shiru, kowa ya kama gabansa. Amma mu muka yanke, bayan mun ga abin da muka gani a gida, ba ɗan sanda ne ya raba mu ba. Ranar da gwamnati ta karɓi ikon cewa wane ya cancanci haihuwa wane bai cancanta ba, ba ta mayar da shi, kuma jerin ba ya tsayawa a inda aka fara. Yau sikila, gobe wani ya kawo ƙudirin kurame, jibi zabiya, gata masu taɓin hankali, kowanne da likitan da zai tashi ya kawo alƙaluma. Mu da aka saukar wa sura guda saboda an ɗaure wa makaho fuska, bai kamata sai Bature ya zo ya koya mana wannan ba.

Ku duba Saudiyya, tunda can muke yawan kallo. Tun 2004 suka wajabta gwajin sikila da wata cutar jini mai kama da ita kafin aure, amma abin da aka wajabta shi ne a yi gwajin a zauna da likita ya yi bayani, idan biyun suka ji suka ce sun yarda, ba a hana su. Dokar Kano ma a yadda aka sanar da ita ta haɗa da hana tsangwamar masu sikila da masu HIV da ciwon hanta, wannan sashen shi nake roƙon sauran jihohi su kwafa da jan biro, kuma a ga an yi aiki da shi, a ga ranar da aka hukunta wani mai kamfani don ya kori yarinya saboda jinotayif ɗinta.

Roƙona dai kar ya wuce haka, ku wajabta sani ku bar wa mutane zaɓi. Takardar da za a kai wa liman ko waliyyi ta nuna an yi gwaji an yi bayani kawai, sakamakon ya tsaya tsakanin mutum biyun da likitansu, ba a karanta shi a gaban 'yan ɗaurin aure ba, domin mun san bakin mutanenmu, kuma mun san mace ce za ta kwashi kunyar, namiji ya je wani garin ya auro wata. Ku sa ido a kan ɗakunan gwaji, ni na san gidan da aka ba su AA a takarda suka haifi 'yan sikila biyu, kuma duk dokar da ta ce babu aure sai da takarda mai kyau to ta buɗe kasuwar takardar bogi ne, mai kuɗi ya saya, talakan ƙauye da ko asibitin gwajin babu a ƙaramar hukumarsu shi za a kama. Gwajin ma a daina barinsa sai saura sati biyu biki, an haɗa lefe an buga kati an yi ɗinki, a lokacin wa zai ji kira? A yi wa jariri tun ranar haihuwa, a yi wa 'yan firamare kyauta, yaro ya taso ya san nasa kamar yadda ya san sunan kakansa, ya tambaya tun ranar farko da ya je zance.

Sai kuma waɗanda an riga an haifa, su ne ban cika jin ana maganarsu a zaurenku ba. Hana haihuwar wasu ba ya cin ko sisi a kasafin kuɗi, shi ya sa yake da daɗin faɗa, kula da wanda ke raye shi ne mai cin kuɗi. A ƙasashen da ake gano ciwon tun jariri a ba da penisilin da rigakafi, sama da 90 cikin 100 na yaran suna girma su zama manya. Akwai maganin hydroxyurea da ke rage tashin ciwon sosai, tsohon magani ne ba sabo ba, ƙanwata tunda ta fara sha kwanciyarta asibiti ta ragu, amma duk wata sai mun yi karo-karo ni da yayyenmu, watan da albashi ya makara sai ta riƙa tsallake kwana. Ku sa shi cikin inshorar lafiya ta jiha. Ku gyara ma'ajiyar jini. Ku sa a koya wa ma'aikatan asibiti su daina kallon ɗan sikila mai neman allurar ciwo kamar ɗan ƙwaya. Kuma ku tuna yadda jita-jitar hana haihuwa ta sa aka dakatar da allurar foliyo a Kano a 2003, allurar da lafiyarta lau, cutar ta bazu har wasu ƙasashe yara suka shanye a banza. Mutanenmu suna da saurin zargi a kan duk abin da ya taɓa haihuwa, in kuka shigo da sanda cikin maganar nan gwajin ma gaba ɗaya za a guje wa.

In za ku yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan doka, don Allah kar a cika zauren da likitoci da malamai da 'yan ƙungiya kaɗai, a kira masu ciwon su zauna a gaba a ba su makirfo. Na karanta wa ƙanwata wasiƙar nan kafin in saka, ta gyara min wuri biyu, ta ce in cire inda na ce tana da haƙuri don ita ba ta da shi. Ta ce in an kira ta za ta zo ta yi magana da bakinta, sai dai a taimaka a rage sanyin AC ɗin zauren, don sanyi na tayar mata da ciwon.

Wassalam, na barku lafiya.

Naku,
wani malamin makaranta, yayan 'yar sikila.